Jakin Wanzami da Raƙumin Tsallaken Iyaka

Ɗana, na ji ka ɗazu da rediyo ya ambaci jakadun ƙasashe, kana cewa ba su da aiki sai shan shayi da murmushi da gaishe-gaishe. Ni karatuna bai wuce aji huɗu ba, amma shekara talatin da ɗaya na yi gida ɗaya da irin mutumin nan, kuma abin da ka faɗa ni ma na sha faɗa masa. Gyara zama ka ji.

Ƙauyenmu a bakin iyaka yake, akwai wani ƙauye a tsallake, cikin ƙasar maƙwabta. Rijiya tamu ce, gaba arba'in, hannu ba ya iya mata. Raƙumin da ke jan babban guga kuwa nasu ne. Haka aka gada, mu da rijiya su da raƙumi, kowa ya sha. Masu garin biyu kowanne zuciyarsa a kusa take. Maigidana, Allah ya jiƙansa, wanzami ne, shi ke yi musu aski su duka, don haka shi ake ba saƙo tsakaninsu. Idan mai garinmu ya fusata da hantsi ya ba shi magana mai zafi, sai ya hau tsohon jakinsa. Ya tsaya gindin tsamiya ya gaida maƙera, ya tsaya wurin mai fura, ya leƙa mara lafiya, ya tambayi lafiyar awaki kamar surukansa. Kafin ya isa la'asar ta yi. A can ma ba ya buɗe baki sai ya jiƙa kan mai garinsu ya ɗora aska, don ya ce bai taɓa ganin wanda ya yi tsallen fushi da aska a ƙeyarsa ba. Wani lokacin kuma washegari zai koma wa namu ya ce ƙarshen saƙon ya ɓace masa, a maimaita, a tarar shi ma mai saƙon ya huce ya manta. Ni dai tuwona ya sha yin sanyi ina jiransa, uban yawo nake ce masa.

Da rani ya rasu. Ina cikin takaba, ba a yi arba'in ba, raƙumin nan ya miƙa wuya ta kan danga ya cinye harawar mai garinmu. Mai gari ya kira surukinsa, magidanci mai sabon babur, wanda ke alfaharin ba ya ƙari ba ya ragi a magana. Ya ce ya je ya gaya wa na tsallake raƙumi ya gaji mai shi wajen dogon wuya a kan kayan mutane. Kafin ruwan koko ya tafasa ya kai, ya dawo da amsa cewa to mu ja rijiyarmu da ludayi. Saƙo bakwai ya kai ya kawo kafin azahar, ko kalma ɗaya bai zubar a hanya ba. Da yamma mun tsinci kanmu da rijiya ba raƙumi, su da raƙumi ba rijiya. Mata shida ke kama igiya su jawo rabin guga, tafin hannu duk ya saɓule. Su kuma suna tafiyar yini zuwa wani tafki da shanu suka dama. Ni da ba na fita, randata ta bushe har gizo-gizo ya yi saƙa a ciki, sai abin da maƙwabta suka rage mini na alwala.

Sai da aka yi wata biyu a haka, babur yana ta kai da kawo, kullum abin yana ƙara dagulewa. Ranar da mai gari ya ba da saƙon ƙarshe, cewa an raba ruwa har jikoki, ƙaya ta fasa tayar babur. Surukin ya zo ƙofar gidana ya yi sallama yana neman aron jaki. Na ce ya kwance shi, amma ba a koya wa tsoho sabuwar hanya. Suna kaiwa gindin tsamiya jaki ya toge. Surukin ya yi duka, ya yi zagi, jaki bai motsa ba sai da ya sauka ya gaida maƙera. Wurin mai fura ma haka, ita kuwa tana ganin jakin ta fashe da kuka, ta dama wa surukin ƙwarya guda ta ce sai ya shanye. Ƙofa goma sha ɗaya jakin nan ya tsaya, a kowacce sai an yi wa marigayi addu'a an tambayi mutanen gida. Da la'asar ya isa, rabin ƙauyen tsallaken na biye da shi. Mai garinsu ya fito da gashi buzu-buzu, ya rungume wuyan jaki, ya ce tun da mai shi ya tafi bai yarda kowa ya taɓa kansa ba. Sannan ya tambayi saƙo. Surukin ya duba jama'a, ya duba cikinsa cike da furarsu, ya ce, "Mai garinmu yana gaisuwa, ya ce yaya ƙishirwa."

Washegari da hantsi na jiyo kukan raƙumi a bakin rijiya. Aka cika mini randa, na zauna kusa da ita na yi kukan da ban yi ba ranar jana'iza, don sai a lokacin na gane mutumin da nake wa gorin yawo aiki yake yi.

Saboda haka in ka ga jakadun nan sun zauna da kofin shayi suna tambayar juna gajiya, ƙyale su su shanye, wata rijiyar suke tsarewa. Abin da babur ya ɓata kafin azahar sai da ya ci mana wata biyu. Hausawa dai sun riga sun faɗa, sauri kan haifi nawa.