Sabon Banɗakina

Inna ta leƙa sabon banɗakina. Takanas na ɗauko ta daga Dapaong zuwa Sokodé don ta ga aikin: farin tayil, randar ƙasa a kusurwa, ga butar tagulla ta kakana kusa da masai irin na zama. Wata biyu na yi ina koya wa magini yadda ake haɗa gargajiya da zamani.

"Ya yi kyau," in ji ta. "Amma ina alƙibla take a gidan nan?"

Na nuna da yatsa, daidai inda masain ya sa gaba.

Tun ranar, ni gwanin gargajiya, a karkace nake zama, gwiwata tana dungurar randar.