Kakar Aro

Gobe za a kare aikin kammala digiri, kuma Sai-Gobe ba shi da tsohuwa.

Ƙa'idar sashen nazarin tsufa a fili take: kowane ɗalibi ya samu dattijo ko dattijuwa, ya yi mako shida yana kai ziyara, yana awon jini, yana rubuta ci da barci, sannan ya kawo hoto da sa hannu. In babu su, sai maimaita shekara. Rahoto kam ya rubuta shi tsaf, daga kan katifarsa. Ba banza ake ce masa Sai-Gobe ba.

Yana zagaya makaranta hankali a tashe, sai ga wata dattijuwa a benci bayan laburare, sanda a gefe, jaka a cinya. Faɗuwa ta zo daidai da zama.

Ya durƙusa, ya ɗaga murya kamar mai magana da kurma. "Kaka, jikanki kike jira?"

"Kusan haka," in ji ta.

Ba kunya ya zayyana buƙatarsa: hoto ɗaya, sa hannu shida, kowanne da kwanan wata daban. Ta ce ya ba ta rahoton ta gani. Ya miƙa yana danne dariya, wai tsohuwa da takarda. A ciki ya rubuta cewa tana fama da mantuwa, haƙoranta huɗu suka rage, kuma kuka take yi duk sanda zai tafi.

"Allah sarki," ta ce. "Ashe haka nake."

Ya ɗaura mata na'urar awon jini don hoto, ta kwance ta gyara, don a juye ya sa. Bironsa ya ƙi rubutu, ta ciro nata ja, ta rattaba hannu sau shida.

Washegari ya tsaya gaban malamai, ya haska hoton a bango. "Wannan baiwar Allah ta zame mini uwa," ya ce, har da share ƙwalla. Shugaban sashe ya sunkuyar da kai. Wani malami ya ƙware da ruwa. Sai-Gobe ya ji daɗi, ya ɗauka tausayi ne.

Kujerar tsakiya kawai ta rage ba kowa, ta farfesar da aka gayyato daga wata jami'a don yanke hukunci. Sai aka ji ƙwas-ƙwas ɗin sanda daga ƙofa, malamai duka suka miƙe.

Dattijuwar jiya ta zauna a kujerar, ta cire murfin jan biro, ta yi murmushi da haƙoranta cif. "Ci gaba, jikana. Ka san ni da mantuwa, tuna mini yaushe muka fara haɗuwa."