Ladanin Masallacin 'Yan Hoto

Rawar kaina ce ta jawo. Lokacin Kofin Duniya Baba ya kai ni wani tsohon masallacin ƙasa a wajen Doha, wanda aka daina sallah a ciki, ya koma wurin ɗaukar hoto. Don in burge Turawa na haye hasumiya, na rangaɗa kiran sallah da muryar da ta kusa kaiwa Kano. Ashe La'asar ta yi! Sai ga leburori sun yar da shebur suna tahowa.

Na sauko ina kare kunnena. Baba ya ce, "Malam ladan, ka tara jama'a. Yalla, tada iƙama."

Har yau ina jin ƙamshin ƙasar nan a goshina. Baba ya yi limanci. Kunnen kuwa, a mota ya murɗe shi.