Yaya Ya Cinye Kazar

’Yan daba sun zagaye shi a allon wasan bidiyo, ransa saura ƙiris, sai ga ɗan wasa na biyu ya faɗo. Yayansa ne, daga Doguwa.

Wata huɗu ke nan ba sa magana kan iyakar gona. Jiya ƙanin ya yi rajistar wata-wata ta wasannin intanet, ya tarar an sabunta gem ɗin dambensu na yarinta, ya tura masa gayyata ba ko sallama.

Yayan ya share ’yan dabar tas, ya fasa durom, gasasshiyar kaza mai ƙara rai ta fito. Ƙanin ya matso zai ɗauka, yayan ya naushe shi, ya cinye.

Ƙanin ne ya fara kira a waya.

“Haba Yaya, ni ke mutuwa fa!”

“Babba ke fara sa hannu. Ya iyalin?”