Muryar Kawu Ranar Juma'a

Kai da kake ta yabon na'urar da za ta ɗauke maka wahalar zirga-zirga, gyara zama in ba ka wani misali, in ka ga dama ka ɗauka.

An yi wani mutum mai haɗa manhajar kwamfuta, gwani ne, wannan kam ba a raina masa. Wani kamfani da ke juya wa attajirai dukiya ya ɗauke shi aiki. Al'adar kamfanin nan tun kafuwarsa, ba a taɓa dukiyar mutum, ko sayen hannun jari ne ko sayar da gida, sai an tashi ma'aikaci ya taka har zauren mai ita, ya gaishe shi, ya sha ruwan gidan, ya ji da kunnensa an ce a yi. Gogan naka ya dubi wannan ya ce ai ɓarnar mai ce da ɓarnar lokaci. Ya zauna ya ƙulla na'urar kamfanin da wata manhaja da ya koya wa muryoyin masu dukiyar daga tsofaffin saƙonninsu. Na'ura ta gaishe su, na'ura ta amsa a madadinsu, aiki ya wuce ba wanda ya ɗaga ƙafa. Da wa ya fara gwaji? Da kawunsa, wani tsohon ɗan kasuwar fata a can garinsu da shi ma kamfanin ke juya wa dukiya, wanda ya riƙe shi tun yana maraya, ya biya masa karatun nan da yake taƙama da shi. Da, ba ya haɗa Juma'a biyu bai je ya durƙusa gaban tsohon ba. Yanzu kuwa duk Juma'a bayan an sauko daga masallaci, na'ura ce ke aika gaisuwa da muryarsa, ita ce kuma ke dawo da amsa da muryar Kawu. Da ya ga abin ya yi daɗi, sai ya ɗora wa tasa wayar irin wannan. Duk wanda ya kira daga gida, muryarsa ce za ta amsa, shi yana can yana aiki.

Wani lokaci yakan danna amsar Kawu ya saurara, ransa ya yi fari. Sai dai a hankali ya fara jin wani abu. Akwai wani zakara da ke cara a bayan muryar, kullum a wuri ɗaya, daidai inda tsohon ke cewa "ɗana". Tarin ma a wuri ɗaya yake zuwa. Damina ta kankama, ruwa kamar da bakin ƙwarya, amma Kawu na nan yana kukan zafin bazara. Wata Juma'a yana saurare da rana tsaka, ofis cike da mutane, sai ya lura muryar ba ta numfashi tsakanin kalma da kalma. Tsoro ya kama shi na gaske. To, amma ka san girman kan gwani, maimakon ya hau mota, sai ya buɗe kwamfuta ya gyara manhajar. Ya cire zakaran, ya sa mata numfashi, ya koya mata sanin damina da rani. Shi ke nan Kawu ya koma garau, har tambayar yaya ruwa yake yi.

Ana nan, aiki ya bi da shi ta hanyar garinsu, ranar Juma'a ce kuwa, ya ce bari ya leƙa. Ya tarar da zaure a share tas, an naɗe buzun tsohon an jingine a lungu, butarsa a kife, gizo-gizo ya yi saƙa a bakinta. Matar kawun ta fito, wadda ta goya shi a bayanta, ta tsaya daga nesa ba ta ce masa sannu da zuwa ba. Ta ce tun kafin azumi Malam ya kwanta ciwon ajali, yana ta kiran sunan gogan naka. Sun kira, muryarsa ta ce yana cikin aiki, zai kira. Ranar da aka yi rasuwar ita da kanta ta sa aka buga, tana kuka ta faɗa masa, ya amsa mata da fara'a ya ce, "Madalla, Allah ya maimaita mana." Ta ce tun daga ranar ta hana kowa sake nemansa.

Ya zauna a daɓen zauren. Sai a lokacin ya tuna cewa watannin nan duka kamfani na ta saye da sayarwa da yardar wanda ke kwance a kabari, cikin dukiyar da ta riga ta zama ta magada. Amma ba wannan ne ya fi ƙona masa zuciya ba. Mutumin da ya riƙe shi ya tafi yana neman ganin fuskarsa, ko ƙasa bai zuba masa ba. Yana cikin wannan hali aka sauko daga masallaci, wayar ta motsa a aljihunsa. Ya taɓa ta, muryar Kawu ta cika zauren, ga numfashin nan da shi ya sa mata: "Lafiya lau nake, ɗana. Allah ya yi maka albarka, ba ka taɓa mantawa da ni ba." Tsohuwar ta toshe kunnuwanta ta shige gida.

Ka ji dalilin da ya sa Hausawa suka ce zumunta a ƙafa take.