Sabuwar Shugabar Sashen Kimiyya

Tunda maganar makarantar ɗanka ce ta hana ka sukuni, Alhaji, gyara zama ka ji wani misali.

A wani gari an yi wata makarantar kwana ta 'yan mata mai sashe na musamman na kimiyya, wanda ba a shigarsa sai yarinya ta ci jarrabawa mai tsauri. Wani dattijon malami ne ya kafa sashen, ya riƙe shi shekara da shekaru, kuma a hannunsa ba a taɓa jin ɗalibar sashen ta faɗi jarrabawar ƙarshe ba. Akwai wata mata, ma'aikaciyar jinya a asibitin garin, wadda 'yarta ta fari ta samu shiga. Ranar da sunan yarinyar ya fito, matar nan har waina ta soya ta raba wa maƙwabta, kuma tun daga ranar ba ta kiranta da komai sai likita. Yarinyar tana aji biyar sai dattijon ya yi ritaya, aka kawo wata matashiyar malama a madadinsa. Ko wata ba ta yi ba ta soke karatun da ake yi har tsakar dare, ta hana liƙa sunayen yara a allo duk mako daga ta ɗaya zuwa ta ƙarshe, ta ce kowa ya fita filin wasa bayan la'asar. Nan fa hankalin iyaye ya tashi. Wannan ya ce 'yar wani babba ce aka ɗora musu, wancan ya ce yarinyar jiya ina ta san riƙon yara masu ƙwaƙwalwa. Wasu suka kwashe 'ya'yansu tun kafin hutu. Sauran suka tsayar da shawarar zuwa ma'aikatar ilimi a ɗauke ta, suka zaɓi ma'aikaciyar jinyar nan ta yi magana da yawunsu, don ba ta da tsoro kuma bakinta bai mutu ba.

Ta amsa, amma ta ce ba za ta kai ƙarar wadda ko fuskarta ba ta taɓa gani ba. Ta shirya da safe ta tafi makarantar, ta tarar da malamar a ɗakin gwaje-gwaje, hannunta duk alli. Ta zazzage mata abin da ke cikinta ba tare da ɓoye-ɓoye ba. Malamar ta saurara har ta kai aya, sannan ta nuna mata wani benci a can baya ta ce, "Hajiya, a nan na zauna. Ni ma 'yar sashen nan ce." Ta gaya mata cewa duk yarinyar da sunanta ya daɗe a ƙasan allo, a hankali ake mayar da ita ajin gama-gari kafin shekarar ƙarshe, shi ya sa ba a taɓa faɗuwa da sunan sashen ba. Ta ba ta labarin ƙawarta da ta fi ta lissafi nesa ba kusa ba, rashin barci ya kwantar da ita, aka fitar da ita, kunya ta hana ta komawa kowace makaranta. Ba ta faɗi kalma ɗaya ta ɓatanci a kan dattijon ba, ta ce duk abin da ta sani shi ya koya mata. Sai dai ta roƙi matar ta tambayi 'yarta kafin ta tafi.

Aka kira yarinyar, suka zauna a gindin darbejiya. Da uwar ta tambaye ta, yarinyar ta hau wasa da bakin hijabinta, can sai hawaye. Ashe sunanta ya daɗe yana gangarowa ƙasa, ashe goro take ci da dare don kada barci ya ɗauke ta, ciwon kai bai bar ta ba tun aji huɗu, ta kasa faɗa don kada sunan likita ya bar bakin uwarta. Ta ce, "Umma, yanzu ne nake gane abin da ake koya mana. Da haddacewa kawai nake yi." Matar da ke gane ciwo a fuskar baƙo tun daga ƙofar asibiti, ga shi ba ta gani a fuskar 'yar cikinta ba. 

Ranar taron iyaye ta miƙe ta ce ita ba inda za ta, ta faɗa musu abin da ta gani, ta ce kowa ya je ya tambayi tasa 'yar. Ta kuma dubi malamar a gaban jama'a ta ce laifinta ɗaya, ta taɓa abin da iyaye suka dogara da shi ba ta kira su ta yi musu bayani ba. Malamar ta karɓi laifin, daga nan kowane zangon karatu sai ta zauna da su. Wasu dai suka fita suna gunaguni. Da shekara ta zagayo duk yaran sashen suka zauna jarrabawa, ba a ware ko ɗaya ba. Ba duka suka yi fice ba, amma waɗanda suka samu jami'a sun fi na kowace shekara yawa, har da 'yar matar nan. Waɗanda suka kwashe nasu kuwa, da suka dawo neman wuri sai suka tarar an cike.

To Alhaji, kai daga bakin ƙofa kake leƙen makarantar nan, ɗanka kuwa a ciki yake kwana. Kafin ka ɗauki hularka ka nufi ma'aikata, kira shi ka tambaye shi. Hausawa ba su yi ƙarya ba da suka ce, mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.