Takin Juji a Gonar Shitu

Shitu manomi ne a wani ƙauye kusa da Mahuta. Bayan gonar gado, duk abin da ya mallaka bijimai ne guda biyu, Fari da Ja. Su ke ja masa garma, su ke jan amalanke. In ya gama huɗar gonarsa sai ya yi wa maƙwabta, da haka gidan ke ci.

Shekarar da takin zamani ya fi ƙarfin talaka, sai ya yi abin da mutane da yawa ke yi. Ya sa aka kwaso masa juji daga cikin Funtua, tifa biyu, aka jibge a gona tun da rani. Juji kam taki ne, akwai toka da kashin awaki da ruɓaɓɓen abinci. Sai dai jujin gari na yanzu ba irin na da ba ne. Duk inda ka sa hannu leda ce, ta ruwan sha, ta alala, ta manja.

Baba Zubair, dattijon da suke iyakar gona, tsohon makiyayi ne. Ya tsaya ya dubi tarin, ya girgiza kai.

"Shitu, taki ne wannan ko kanti za ka buɗe? Ka sa manjagara ka tsince ledar nan kafin ka baza."

Shitu ya yi dariya. "Haba Baba, me ƙasa ba ta ci? Mutum ma cinye shi take yi, balle leda."

"Mutum ai daga cikinta ya fito," in ji dattijo. "Leda kuwa ba ta san ta ba."

Shitu bai ji ba. Ya baza jujin yadda yake, kuma kullum da safe yana sakin bijiman su yi kiwo a gonar. Ledar da ta sha mai da gishiri kuwa, sa ba ya wuce ta. Zai lasa, ya lasa, ya haɗiye.

Barakatu matarsa ce ke dama musu dusa, ita ta fara lura.

"Malam, Fari fa ya daina tuƙa. Ciki kamar randa, amma haƙarƙari duk a waje. Ka kira likitan dabbobi mana."

"Zafin bazara ne," ya ce. "Ƙara masa kanwa. Da ciyawa ta tsiro zai miƙe."

"To, Allah ya sa. Ni dai idonsa bai yi mini ba."

Ruwan shuka ya sauka ranar wata Talata. Washegari da sassafe Shitu ya ɗaura musu karkiya, ya kama garma. Kunya ta farko lafiya, ta biyu da ƙyar. A ta uku Fari ya durƙusa. Shitu ya yi masa magana, ya shafa wuyansa, ya ja igiya, sa ya ƙi tashi. Da aka ga numfashi na sama-sama, dole aka sa wuƙa don kada ya zama mushe.

Maitama mahauci ne ya zo fiɗa. Da ya tsaga tumbin sai ya ja da baya yana salati. Ya sa hannu biyu ya ciro wani dunƙule baƙi ƙirin, ya fi ƙwaryar fura girma, leda ce zalla ta murɗe kamar igiya.

"Ka ga abin da ya ci sanka," ya ce. "Ciyawa ba ta da wurin zama. Yunwa ce ta kashe shi da ciki a cike."

Shitu ya zauna a kan kunya. Garma ba ta tafiya da sa ɗaya, kuma a irin wannan lokaci kowa nasa bijiman na kan aiki. Haka ya koma huɗa da hannu. Kafin ya kai tsakiyar gona lokacin shukar masara ya wuce, rabin gonar ya kwana babu komai a wannan damina.

Amma bai tsaya kuka ba. Ya ɗaure Ja a turke, ya ce san ba zai sake taka gonar ba sai an raba ta da leda. Kullum in ya tashi daga noma sai ya ɗauki buhu ya bi rabin da ba a shuka ba, yana tona yana tsinta. Robobi da gwangwani yana ware su gefe, ya tara wa masu sayen tsohuwar roba. Abin da zai ruɓe kuwa ya haƙa masa rami ya binne, ya zama taki na gaskiya.

Wata rana Maitama zai wuce kasuwa a kan babur, ya hango shi a duƙe da buhu, ya tsaya.

"A'a, Shitu! Noman leda aka koma?"

Shitu bai ɗago ba. "Ni na shuka ta, Maitama. Ni zan girbe ta, har ta ƙarshe."

Jama'a, leda ba ta ruɓewa, ko ta shekara nawa a ƙasa. Mu riƙa ware ta daga shara tun a gida, kuma kada mu baza juji a gona sai mun tsince shi. Ledar da muka yar yau, gobe a cikin dabbarmu za mu same ta.